Rogon da Tanko Ya Sauke a Kwanar Dangora

Ku uku kun zo kun zauna mini a tabarma, wai in karanto muku sunayen itatuwa ku rubuta a littafi, kafin sallah ku sayi kwalabe da lasifika ku fara yawon kasuwanni. Ɗayanku har yana ce mini ai abin ba wuya, ganye ne da saiwa, Allah ya zuba su a daji kyauta. Haka ne, Allah ya zuba su. Shi ya zuba zaƙami, shi ya zuba tunfafiya da bini-da-zugu, kuma kowannensu zai iya kwantar da ƙato cikin yini ɗaya. Ina jin masu motar nan ranar kasuwa, kwalba guda wai tana maganin basir da shawara da ciwon suga da rashin haihuwa. Ba sa tambayar mutum shekarunsa, ba sa tambayar ko matar tana da ciki. A miƙa kwalba, a ja mota, gobe suna wani gari. In irinsu kuke so ku zama, ku tashi tun yanzu. In za ku zauna, ku ajiye biron nan ku saurara.

A hannun Baffa Jibo na koya, yayan mahaifina, a tsohon garinmu da yanzu yake ƙarƙashin ruwan Tiga. Na riga na yi aure kafin na fara binsa. Kayan aikinsa ba su da yawa: dagi na tonon saiwa, ƙaramin gatari na sassaƙe, wuƙa, burgamin fatar akuya, sai wani ludayin duma da ya ja wa layi uku a ciki da bakin wuƙa. Layin ƙasa na yaro ne, na tsakiya na mace da tsoho, na sama na namiji mai ƙarfi. Shekara biyu ina binsa bai bar ni na taɓa ludayin nan ba. Aikina in haƙa, in sassaƙa, in shanya. Da rani mukan taka har dajin Doguwa, mu yi kwana huɗu muna neman hano da maɗaci da marke. In ka sassaƙi itace ka zagaye shi, ka kashe shi, kuma ranar Baffa ba zai yi maka magana ba har ku dawo gida. Gefe ɗaya ake ɗauka, a shafe wurin da laka. A inuwa ake shanya. Wanda ya yi fumfuna wuta ake sa masa, ko da kwana biyu ka yi kana tafiya kafin ka samo shi.

Aikin farko da na yi ni kaɗai, na wani Bafillace ne mai suna Buba, daga wata ruga ta wajen Badafi. Cikinsa ya ɗaure kwana huɗu. Ya zo ya tarar Baffa ya tafi suna, ni kuma ina ganin na iya. Na dafa masa filasko, na cika ludayi har ya wuce layin sama, na ƙara masa wani don ya san ya zo gidan masu alheri. Bayan kwana biyu a kan jaki aka dawo da shi, idanunsa sun faɗa, ba ya iya tsayuwa, shanunsa suna hannun wani. Baffa ya kwantar da shi a zaure, ya dinga ba shi ruwan kunu da ɗan gishiri kaɗan-kaɗan har ya dawo hayyacinsa. Bai zage ni ba. Ya tambaye ni nawa na ba shi, na faɗa. Ya ɗora tukunya, ya dafa filasko, ya auna daidai wannan awon, ya miƙo mini a gaban Buba. Ya ce, "Sha, Sa'idu." Na sha. Kwana biyun da na yi ina zarya bayan gari su suka koya mini awo, ba bakin kowa ba.

Kuma ku sani, rabin waɗanda suke zuwa wajenka ba sassaƙe suke buƙata ba, abinci suke buƙata. Baffa ba ya buɗe burgami sai ya tambayi abin da ake ci a gidan. Akwai wata mata daga Kiru, tana da tsohon ciki, da rana ta faɗi sai ta daina gani, tana tuntuɓe da turmi a tsakar gidanta. Dundumi ke nan. Mijin ya kai ta wajen masu tofi, ya sayi turare kala-kala. Da na tambaya, wata uku tuwon dawa take ci da busasshiyar kuɓewa, ba mai, ba ganye, ba nama. Na ce ya riƙa saya mata hanta ranar kasuwa, a sa manja a miya, a dafa mata zogale. Ya dube ni kamar na raina masa hankali. Ya ce shi magani ya zo nema, ba girki ba. Mutanenmu haka suke, in abu bai yi ɗaci ba, ba su yarda magani ne ba. Sai na shiga ciki na daka busasshen zogale, na ƙulla masa a tsumma, na ce a zuba a miyarta kullum, amma ba ya aiki sai da hanta da manja, in aka saɓa ba ruwana. Da ya ga ƙulli sai ya yarda. Kafin ta haihu idonta ya buɗe. Har ya mutu yana yabon garin maganina, bai san itacen yana bayan dangarsa ba.

Yanzu in zo kan shekarar da nake so ku ji. Shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira damina ta ɗauke da wuri, dawa ta bushe a tsaye. A tsakanin nan ne kuma aka tashe mu saboda dam. Baffa ya rasu kafin tashin, bai ga ruwa ya cinye fadamar da muke samun rabin kayanmu ba. Aka zaunar da mu a sabon wuri, tudu, ƙasa mai tsakuwa, ba rijiyar kirki, ba kuka ko ɗaya da za a tsinki ganye. Mutumin da ya saba da rumbu uku ya wayi gari yana auna hatsi da kwano. Da bazara ta shigo, gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya.

Ranar wata kasuwa ina zaune da kayana a Kwanar Dangora, sai ga babbar mota daga kudu an sauke rogo, tuli guda. Wanda ya saye shi Tanko ne, dillalin hatsi, kowa ya san shi, yana da baki a wajen manya. Rogon manya-manya ne, farare tas, kuma yana sayarwa da arha ƙwarai. Mutane suka yi masa caa. Mu a nan rogon da muka sani mai daɗi ne, a dafa a ci da garin ƙuli, yara ma ɗanye suke ɓarewa su ci a gona. Ni kuwa na taɓa jin Baffa yana cewa akwai wani iri a kudu da ba a ci haka, sai an jiƙa shi kwanaki, da shi suke yin garin kwaki. Na je na ɗauki ɗaya, na karya, na ɗora a harshe. Ɗaci ya kama ni har maƙogwaro, harshena ya yi wani iri. Na tofar.

Na sami direban a gindin mota yana cin abinci. Hausarsa ba ta nuna ba, amma mun fahimci juna. Ya ce ai ya gaya wa Tanko, wannan ba na dafawa ba ne, wani mai yin gari ne ya sa aka ɗauko, ciniki ya lalace, shi ya sa ya karyar masa da shi. Ya ce sau biyu ya gaya masa. Na koma wajen Tanko, na ja shi gefe don kada in kunyata shi, na ce rogon nan yana da dafi, ko dai ya daina sayarwa, ko ya gaya wa duk mai saye yadda za a yi da shi. Ya fizge hannunsa. Da ƙarfi ya yi magana don a ji, ya ce, "Kai da kake sayar wa mutane ɓawon itace mai ɗaci, yau kai ne kake tsoron ɗaci?" Aka yi dariya. Na tsaya a wurin ina gaya wa masu saye, wasu suka saurara, da yawa ba su ko dube ni ba. Mai yunwa da arha a gabansa ba ya jin mai sassaƙe. Tanko ya kira masu kula da kasuwa, suka ce ina ɓata wa mutum ciniki, in koma kan tabarmata.

A cikin waɗanda aka tasa tare da mu akwai Isiyaku, maƙwabcina tun tsohon gari, da matarsa Hajo. 'Ya'yansu uku: Talatu mai shekara bakwai, sai Ado da Binta, ƙannenta. Kwana ɗaya kafin kasuwar nan Hajo ta aiko a kan Talatu tana ciwon ciki, na dafa ganyen sabara, na auna a layin ƙasa, na ce a ba ta safe da yamma. Abu ne da na ba yara fiye da yadda zan iya tunawa. Ban ga Isiyaku a kasuwa ba, ashe ya zo da yamma bayan na tashi, ya sayi rogon rabin buhu.

Washegari da hantsi Hajo ta dafa. Kafin azahar yaran uku suna amai, suna riƙe kai, suna cewa ƙasa tana juyawa. Talatu ita ce ta fi ci, ita ce kuma jikinta ya riga ya yi rauni. Numfashinta ya dinga fita da sauri, ta fara fizge-fizge. Kafin la'asar Talatu ta cika. Ni ina gona ban san abin da ake ciki ba, sai ganin mutum biyu na yi an aiko su, wai dagaci yana kirana.

Na tarar da ƙofar gidan dagaci cike. Isiyaku yana tsaye da kwanon maganina a hannu, da sauran a ciki. Ya ce ni na kashe masa 'ya. Ya ce lafiyarta ƙalau ban da ɗan ciwon ciki, ta sha abin da na bayar, ta mutu. Mutanen da na yi wa magani shekara da shekaru suna nan tsaye, ba wanda ya tsaya mini. Wani ma cewa ya yi dama tun da Jibo ya mutu ake jin tsoron hannuna. Na ce a ba ni kwanon. Na shinshina, nawa ne, ba a ƙara komai ba. Na shanye shi tas a gabansu, na kife kwanon. Sannan na tambayi Isiyaku ko Ado da Binta sun sha. Ya ce ba su sha ba. Na ce to me ya kwantar da su? Sai na juya wajen dagaci. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ba gudu zan yi ba. Amma akwai yara biyu da rai a gidan can, a bar ni in ga abin da suka ci."

Muka shiga gidan Isiyaku tare da dagaci da liman. A bakin murhu ga ɓawon rogo, mai kauri, irin na jiya. Ga sauran dafaffen a akushi. A bayan ɗaki kuma ga akuyarsu a kwance ta miƙe ƙafafu, ta ci ɓawon, ta sha ruwan da aka tsiyaye daga tukunya. Ba wanda ya lura da ita saboda kuka. Na ɗebi guntun rogon na ba liman, ya taɓa a harshe ya tofar. Na ce ba ni da maganin wannan, duk abin da ke cikin burgamina ba mai taɓa shi, kuma duk wanda ya ce yana da shi ƙarya yake. A kai su asibiti yanzu. Ku riƙe wannan, don masu lasifika ba za su taɓa faɗa muku ba: akwai ranar da aikinka shi ne ka ce ba ka iya ba, ka faɗa da wuri. Muka saɓa yaran a kafaɗa har bakin titi, muka tsayar da motar itace. Allah ya yi da sauran kwanansu, sun ci kaɗan, sun amayar da yawa. Bayan kwana uku aka dawo da su.

Kuna tsammanin daga nan an kama Tanko. Ba a kama shi ba. An kira shi, ya zo da babbar riga, ya rantse bai sani ba, ya ce shi ma an cuce shi ne. Direban ya riga ya yi kudu, ba mai shaida sai ni, ni kuwa ake zargi. Ya kai wa Isiyaku buhun dawa na ta'aziyya. Manya suka ce ƙaddara ce, a bar maganar, kada a tada fitina ana cikin yunwa. Ƙaddara ce, ban musa ba. Amma mutum ne aka gaya wa sau biyu, ni na gaya masa na uku, ya ɗaga murya ya mai da abin wasa. Sauran rogon kuma bai zubar ba. Ya sa aka ɗora a amalanke aka nufi ƙauyukan wajen Tudun Wada da shi, inda labari bai kai ba.

Na bar gonata na bi rogon nan. Kwana tara ina tafiya, ƙauye zuwa ƙauye. Ba zan ce wa mutane su zubar ba, don ba su da wani abin ci, in na ce haka ma ba za su ji ba. Sai in nemi tsohuwar gida in nuna mata. A fere ɓawon da kauri. A yanka ƙanana. A jiƙa a randa kwana huɗu har ya yi laushi, ana canja ruwa kullum, ruwan kuma a zubar a rami inda dabba ba za ta kai ba. A matse, a shanya a rana ya bushe ƙayau, a daka, sannan a tuƙa. In da wake ko ƙuli ko daddawa a haɗa, don na lura jikin da ya daɗe bai ga irin waɗannan ba shi ya fi saurin faɗuwa. Wasu sun bi. A wani ƙauye na isa an riga an binne tsoho ɗaya. A wani kuma aka kore ni, wai ni ne mai maganin da ya kashe yarinya, labarin ya riga ni zuwa.

Wannan sunan shi ya zauna. Maganar akuya da ɓawo mutum ashirin suka gani, maganar cewa maganin Sa'idu ya kashe yarinya kuwa ta kai har Bebeji. Shekara biyu ina shimfiɗa tabarma a kasuwa, mata suna ja wa 'ya'yansu hannu in sun zo wucewa ta gabana. Na koma kamun kifi a dam ɗin da ya cinye garinmu, ni da ban taɓa riƙe koma ba, don in ciyar da gida. Isiyaku ya san gaskiya, ya gani da idonsa, amma bai taɓa tsayawa a masallaci ya ce ya yi mini ƙazafi ba. In mun haɗu sai ya gaishe ni da sauri ya wuce. Na yi masa uzuri, mutum ne da ya binne 'ya. Manyan da suka shiga gidan suka gani suka yi shiru, su ban yi musu uzuri ba.

A damina ta uku, wata safiya ina daka sassaƙe a zaure, Hajo ta yi sallama. Ta zo da Binta, tana tari. Ita ce mace ta farko daga unguwarmu da ta kawo mini yaro tun abin nan. Na duba yarinyar, na haɗa abin da zan haɗa. Hajo ba ta tashi ba. Ta tura Binta waje, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta ce, "Malam, ranar nan na ɗanɗana. Na ji ɗacin." Ta ce yaran sun kwana biyu ba su ci abin kirki ba, suna tsaye a kanta suna kuka, sai ta ce a ranta ai wuta tana kashe komai. Ta daka ƙuli da yaji da yawa ta barbaɗa don kada su ji ɗacin su ƙi ci. Talatu ta ce ba daɗi, ita ta lallashe ta ta ƙara. Da aka ce maganina ne, tana ɗaki tana ji, ta kasa fitowa. Ko mijinta ba ta gaya wa ba.

Na ce mata ba ita ta sauke rogon a kasuwa ba, kuma ba wanda ya gaya mata abin da aka gaya wa mai shi. Na ce ta tashi ta kai yarinya gida, a ba ta maganin da ɗumi. Maganar ba ta fita daga zauren nan ba sai yau, da ita da Isiyaku duk sun riga mu gidan gaskiya. Da na faɗa a lokacin, da sunana ya wanku a yini ɗaya, ita kuma da ba ta sake ɗaga kai a garin ba.

Tanko ya yi arziki. Ya sayi motoci, ya je Makka ba sau ɗaya ba, ya tsufa ana tashi in ya shigo taro. Da ya rasu na je jana'izarsa, don haƙƙin musulmi ne a kan musulmi. Na tsaya a sahu na yi masa salla. Bayan an idar, ɗansa ya miƙe ya ce duk wanda mahaifinsu ya saɓa wa, don Allah ya yafe masa. Mutane suka amsa gaba ɗaya, sun yafe. Ado yana kusa da ni, ya zama magidanci, bai san komai ba sai cewa yayarsa ta rasu suna ƙanana, shi ma ya amsa. Ni ban buɗe baki ba. Abin da ya yi mini na bar shi tuntuni. Na Talatu kuwa ba nawa ba ne da zan yafe.